Daga Kaduna zuwa Akara a mota, da jaka ɗaya a baya

Mai son ganin ƙasashen waje da ɗan abin da ke aljihunsa, hanyar bakin teku ce ta fi dacewa da shi: Legas, Kwatano, Lome, Akara. Ƙasashe uku ne, Benin da Togo da Gana, kuma babu biza, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga ya zauna har kwana 90. Abin da za a nema a hannunka shi ne fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, sai katin rigakafin cutar shawara. Katin ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10, saboda haka kada ka bari sai ana gobe tafiya. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ka je a yi maka ita da gaske; katin da aka saya ba tare da allura ba ba ya kare kowa daga cutar idan sauro ya cije shi.

Motocin Legas a Mando suke lodi. Kafin ka biya, tambayi direba ta inda zai bi. Ta Birnin Gwari zuwa Jebba ta fi kusa, amma kowa a Kaduna ya san halin tsaro a wannan yanki, shi ya sa nake ganin gara ta Abuja da Lakwaja ko da za ta ci lokaci. Nemi kujerar tsakiya, domin ta baya a kan taya take, duk ramin da aka faɗa a ƙugunka zai ƙare. Fasfo da kuɗi da waya su zauna a ƙaramar jaka a jikinka, babbar ce kaɗai za ta shiga but.

Ka kwana a Legas, ka kama hanya da asuba. Daga can zuwa Akara bai kai kilomita 500 ba, amma iyakoki uku da shingayen hanyar Badagiri suna iya cinye yini guda. Akwai manyan motocin da ke tashi daga Jibowu kai tsaye, ma'aikacinsu ya tattara fasfo ya kai a buga. Sun fi kwanciyar hankali, sun fi tsada, kuma ba za ka ga komai ba sai ta taga. Mai jakar baya gara ya yanka tafiyar zango-zango: Mile 2 a Legas zuwa iyakar Seme, Seme zuwa Kwatano, tashar Jonquet ta Kwatano zuwa Lome ta iyakar Hilla Condji, sannan ya taka da ƙafa ya tsallaka Aflawo, garin iyakar Gana da ke manne da Lome, ya hau motar tashar Tudu ta Akara.

A kan iyaka ake yin asara. Kowace iyaka hatimi biyu ne, na fita da na shiga, shida ke nan kafin ka isa Gana. Kana sauka 'yan kamasho za su yanyame ka, wani ya ce zai tsallakar da kai a babur ta bayan gari. Kada ka yarda. In babu hatimin shiga Benin, a iyakar Togo za a tambaye ka ta ina ka shigo, kuma abin da za ka kashe kafin ka fita ya ninka wanda ka guje wa. Ka kai fasfonka da hannunka, ka buɗe ka duba kwanan watan kafin ka bar tagar. Sabon fasfo yakan jawo a nemi na goro. Amsa da ladabi, nemi rasit, kuma ƙananan kuɗi su kasance a aljihu daban don kada ka zaro damin gaba ɗaya. Saƙon da ba ka ga cikinsa ba, ko na wane ne, kada ka ɗauka.

Sefa ake kashewa a Benin da Togo, sidi a Gana. Canza kaɗan a iyaka na mota da abinci, sauran a cikin gari, kuma kada ka dogara da katin naira. Togo da Gana suna bayanmu da awa ɗaya. Soket ɗin Benin da Togo mai rami biyu zagayayyu ne, sai da adafta. Na Gana irin namu ne.

Sai wurin kwana. Hostel gado kake haya ba ɗaki ba: gadaje huɗu, shida ko takwas masu hawa biyu, banɗaki na kowa, galibi da kicin. A Akara akwai su a Osu da Kokomlemle, ana kama gado ta shafin intanet na Hostelworld ko Booking.com. Abu na farko da za ka duba shi ne ko ɗakin na maza da mata ne a haɗe, domin da yawa haka suke, kuma mutanenmu sukan gane hakan ne bayan sun biya. 'Yar'uwa ta nemi ɗakin mata zalla tun wajen kamawa. In ku biyu ne, ku kwatanta kuɗin gado biyu da na ƙaramin ɗaki. Sau da yawa bambancin kaɗan ne. A Kwatano da Lome irin wannan masauki bai yawaita ba, ƙananan masaukai masu suna auberge sun fi yawa, kuma wasunsu na hayar awa ne, don haka ka shiga ka ga wurin da idonka tukuna.

Kafin ka ɗora jaka a gado, ɗaga zanin ka haska ɗinkin katifa da fitilar waya. Ɗige-ɗigen baƙi alamar kuɗin cizo ne, kuma in suka shiga jaka har gida za su biyo ka. Zaɓi gadon ƙasa, ya fi sauƙin tashin asuba ba tare da ka tashi kowa ba. Tafi da kwaɗonka, domin loka ake bayarwa ban da makulli, da tawul, da silifas, da ƙaramar buta ko gorar roba saboda yawancin banɗakunan takarda kawai ke ciki. Wurin salla ka tambayi mai karɓar baƙi, akan samu baranda ko saman bene.

Abinci kuwa, a Benin da Togo ana sayar da naman alade a fili, tambaya kafin ka ci wajibi ce. Mafita ita ce zango. Kwatano da Lome duk suna da unguwar Zongo, Akara tana da Nima da Mamobi da Sabon Zango, inda za ka yi ciniki da Hausa, ka samu masallaci da tuwo a farashin 'yan gari, a kuma nuna maka tashar da motar gobe take lodi.