Sai da Na Tarwatsa Jirgina Kafin Makamin Ya Tashi

Ƙera jirgin ƙarƙashin ruwa a wasan kwamfuta na ƙere-ƙere da nake yi bai ba ni wahala ba. Dare biyu kacal na yi a kansa, yana nutsewa, yana tasowa, yana tsayawa cak a zurfin mita 20. Daɗi ya ɗebe ni, na ce bari in jera masa makamai masu linzami guda 4 a bututai tsaye a bayan hasumiya. Ashe nan aikin yake.

A gwajin farko na buɗe murfi, na kunna rokar tun makamin yana cikin bututu. Ya gogi bango, ya maƙale, ya fashe, jirgi ya rabe biyu ina kallo. Laifina ne: na matse bututun tamkar kube da wuƙa, alhali a irin waɗannan wasanni abubuwa biyu da suka manne da juna sai su hau karkarwa. Na faɗaɗa shi, na ɗora makamin a kan dogo mai zamewa.

Daga nan ya fara fita, amma fitar kunya. Da ya bar bututu sai ya kifa kai ƙasa, ya yi ta wulwulawa kamar kifin da ya ji ƙugiya. Na fi mako ina zargin na'urar saiti, ina ta sauya lambobi a banza. Ranar da na feɗe makamin gida-gida ne na ga ɓarnar: na bar wani ɗan fili rufaffe a gindinsa, wasan kuma yana lissafa shi a matsayin iska. Gindi na son tasowa, kai mai nauyi na son nutsewa, ina zai miƙe? Na mayar da filin can sama kusa da hanci, na sauko da nauyi ƙasa. Sai kuma fukafukai. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, don haka ɗan motsin da zai gyara tafiya a sama, a cikin ruwa murɗe makamin yake yi gaba ɗaya.

A nan na koma na duba yadda masu abin na gaske suke yi. Ran 20 ga Yulin 1960 jirgin ƙarƙashin ruwa na Amurka mai suna George Washington ya harba makami mai linzami Polaris daga ƙarƙashin teku, kuma ba a cikin bututu aka kunna wutar ba. Matsin iska ne ya cilla makamin sama, sai da ya keta ruwa injin ya kama. Makaman Trident da suka zo daga baya ma haka ne, tururi ke tunkuɗo su. Wani abu kuma ya sanyaya mini rai: a Maris 1989, gwajin farko na Trident II daga jirgin ƙarƙashin ruwa Tennessee, ruwan da ya biyo bayan makamin ya daki bakin injinsa, ya yi ta juyi a sama har ya tarwatse. In injiniyoyi masu albashi sun ga haka, ni wa?

Sai na raba aikin biyu. A cikin ruwa, turi kawai: fistin, wato sandar turi da ke cikin bututu, ya ingiza shi da ƙarfi, fukafukai a kulle, na'urar saiti a kashe. Wuta sai a sama.

Yaushe za a kunna wutar kuma? Da fari agogo na sa, daƙiƙa 3 bayan turi. Ya yi aiki sau biyu, har na fara cika baki. Na uku jirgin ya ɗan fi zurfi, injin ya kama a cikin ruwa. Wani karon kuma makamin ya yi tsalle, ya tsaya a iska, ya faɗo da baya kafin wutar ta zo. Agogo bai san inda kan ruwa yake ba. Na cire shi, na sa ma'aunin tsawo: da zarar makamin ya haura mita 3 a saman ruwa, injin ya kama, bayan rabin daƙiƙa fukafukai su saki, saiti kuwa sai ya yi nisa sama. Ban sa sifili ba saboda igiyar ruwa tana yaudarar ma'aunin.

Saura jirgin kansa, wanda na manta da shi sam. Yana rabuwa da nauyin makami sai ya yi sama kamar an saki kwalba, hasumiya ta leƙo waje. Yanzu ina barin ruwa ya cika bututun nan take ya maye gurbin nauyin, kuma ina rage gudu har kusan tsayawa kafin in danna, don ruwan da ke wucewa yana karkatar da makamin tun a bakin fita.

Jiya na harba uku a jere, duk suka miƙe, jirgi bai gusa daga mita 20 ba. Na huɗun har yanzu murfinsa yana rufewa da wuri yana kama wutsiya. Shi zan zauna a kai yau da dare.