Ƙaramar kwamfuta na saya, katin girafik ɗina ya ƙi shiga

Madabod ɗin tsohuwar kwamfutata ne ya ƙone, wato babban faifan da ake jona dukkan kayan a kai, sauran kayan cikinta duk garau suke: RAM DDR3 8GB guda biyu, haddis 1TB, SSD ɗaya, da katin girafik GTX 960 wanda da shi nake aikin CorelDraw da haɗa bidiyon biki. Dama na gaji da wannan ƙaton kes ɗin, ya cinye rabin tebur a shago ga shan wuta, in NEPA suka ɗauke batirin inbata ba ya kai mu la'asar. To sai na ce bari in nemi ƴan ƙananan nan na ofis da ake shigowa da su tokumbo, irin su OptiPlex da EliteDesk da ThinkCentre, in juye kayana a ciki.

Wajen RAM kam ban yi sake ba. Ƴan mitsi-mitsin nan masu kama da dikoda RAM ɗin laftof suke ɗauka, haddis ɗin tebur ma ba ya shiga cikinsu, sai na tsallake su na tsaya a kan SFF, matsakaicin. Na kuma zaɓi mai firosesa i5 ƙarni na huɗu don shi DDR3 yake ci, yawancin na shida zuwa sama DDR4 ne, tsagar jikin RAM ɗin ma ba wuri ɗaya take ba balle ka ce za ka danna. Wannan duk ya tafi daidai, injin ya tashi da 16GB ba gardama.

Matsalar kati ce. Tun a shagon na nuna wa mai sayarwar hotonsa a waya, ya kalla ya ce "Oga ai duk silot ɗaya ne, zai hau." Kuma silot ɗin, wato ramin da ake soka katin a madabod, ɗaya ne, nan bai yi ƙarya ba, abin da bai gaya min ba shi ne murfin ba zai rufu ba. Da na ɗora katin sai ga ƙarfen bayansa ya zarce kes ɗin, fankokinsa kuma na tokarar fawa fak, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta. SFF gajeren kati yake ɗauka, wanda ake ce wa lo-furofayil, nawa kuwa cikakken tsayi ne ga kauri.

Na ce to ko a buɗe ne a yi aiki haka, ashe wasa farin girki. GTX 960 wat 120 yake sha, silot ɗin madabod kuwa 75 kaɗai yake iya bayarwa, ragowar sai ta wayar nan mai fin shida, na juya wayoyin fawa fak ɗin ɗaya bayan ɗaya babu ita, gaba ɗayansa ma bai kai wat 300 ba, shi kuwa katin 400 masu shi suka ce a ba shi. Sai na ɗauko tsohon fawa fak ɗina mai 500, shi ma babu inda zai zauna, kuma sokat ɗinsa mai fin 24 ne, na sabon madabod ɗin ɗan ƙarami ne daban. Akwai adafta da ake sayarwa, wani abokina ma ya ce in ajiye fawa fak ɗin a waje in ja wayoyi, to in haka ne meye amfanin ƙaramar kwamfutar? Ga ƙurar hunturu.

Da na koma shagon mai sayarwar cewa ya yi shi RAM da haddis ya ji na tambaya. Wallahi har yanzu in na tuna "zai hau" ɗin nan sai raina ya sosu.

Ƙarshe dai sayar da 960 ɗin na yi a wulaƙance, na ciko kuɗi na sayi GTX 1050 Ti gajere, shi wat 75 ɗin silot ta ishe shi. Ƙarfinsu kusan ɗaya ne da wanda na rabu da shi, amma saboda gajerun ba su da yawa a kasuwa sai ka biya kamar ka samu ƙari. Da na zauna na yi lissafi, da madabod H81 kawai na saya da ɗan madaidaicin kes, har tsohon firosesa ɗina i5-4570 zai hau, kati da fawa fak duk su zauna.

Injin dai yana aiki shiru, batir ma ya fi daɗewa, wannan ba zan ɓoye ba. In kana da kati kuma shi kake son ci gaba da mora, ɗauke shi ka tafi da shi shagon, a buɗe kes a gabanka a ɗora a rufe murfi, ka karanta takardar jikin fawa fak da idonka ka nemi wayar fin shida, kar ka yarda da hoto a waya. Kuma ka sani ƙarni na huɗu ba ya cikin waɗanda Windows 11 ta yarda da su, daga na takwas ta fara, ita kuma Windows 10 an daina tallafa mata tun Oktoban 2025. Wannan kuma wani lissafin ne da ke jirana, DDR3 ɗin nan ba za ta bi ni can ba.