Ƙarin kuɗin haya da yadda na koyi faɗinsa da bakina

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya rasu ya bar mana gida ɗaya a unguwar Kurna da ke Kano, mai sassa huɗu na ciki da falo, da shaguna biyu a bakin titi. Da aka zo rabon gado sai muka yi shawarar kada a sayar da shi, a bar shi a haya a riƙa raba abin da ya shigo, kuma 'yan'uwa suka ɗora mini riƙonsa saboda ni ne babban namijin da ya rage. Masu haƙƙi a cikinsa su ne ni da ƙannena mata biyu da marayu uku da yayanmu ya bari daga baya. Saboda haka duk lokacin da maganar kuɗin haya ta taso, tsaye nake tsakanin mutanen da suke kwana a gidan da mutanen da suke ci daga gidan, kuma kowane ɓangare yana da haƙƙin da za a tambaye ni a kansa.

Shekara huɗu ban taɓa kuɗin hayar ba. Kowane sashe yana biyan naira 180,000 a shekara, wa'adin duka yana cika a watan Janairu. Sai ga shi ranar 29 ga Mayun 2023 sabon shugaban ƙasa ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, komai ya biyo baya. Kafin ƙarshen shekarar, kason da nake kai wa mahaifiyar marayun bai isa ya biya kuɗin makarantarsu ba, alhali a da har da rarar cefane. Na san ƙari ya zama dole, amma kunya ta hana ni buɗe baki, domin mutanen nan sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, wasunsu ma na halarci sunan 'ya'yansu. Na yi ta ɗage maganar daga wata zuwa wata har Disamba ta shigo, sannan na kira dillalin da ya saba kawo mana 'yan haya na ce ya je ya shaida musu cewa haya ta koma 240,000.

Wannan shi ne kuskuren da har yau yake damuna. Saura mako uku wa'adi ya cika dillalin ya isar da saƙon, kuma bai isar da shi yadda na ba shi ba: ya ɗora 20,000 a kai, ya kuma ƙara da cewa wanda ba zai iya ba ya fara haɗa kayansa, don akwai masu jira da kuɗi a hannu. Bayan kwana biyu wani malamin firamare da ya shekara tara a gidan ya yi mini sallama bayan la'asar. Muka zauna a soro, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Alhaji, na san zamanin da muke ciki, kuma da ka kira ni ka faɗa mini tun da wuri da na san yadda zan yi. Amma shekara tara ban taɓa saɓa maka rana ba, sai a bakin dillali zan ji cewa in haɗa kayana, a gaban iyalina?" Na ba shi haƙuri, na rantse masa ban faɗi haka ba, na ce ya zauna a tsohon kuɗi. Ya yi godiya, amma ya riga ya kama wani wuri a Rijiyar Lemo, kuma magana zarar bunu ce. Sashensa ya yi wata huɗu a kulle, sai da na yi fenti na gyara ƙofa kafin wani ya shiga, don haka abin da muka rasa ya fi ƙarin da na nema. Sauran 'yan hayar na bi su ɗaya bayan ɗaya na janye ƙarin na wannan shekara gaba ɗaya.

Kafin in sake tayar da maganar sai na nemi sani a wurare biyu. Wani lauya da muka yi makaranta tare ya bayyana mini cewa kotunan ƙasar nan sun sha yanke hukuncin cewa mai gida ba shi da ikon ƙara haya shi kaɗai ya ce ta zama bashi a kan ɗan haya. Ƙarin tayi ne, sai ɗan haya ya karɓa yake zama yarjejeniya; idan bai karɓa ba, tsohon kuɗi ne a kansa, abin da ya rage wa mai gida shi ne ya bi hanyar doka ya karɓi gidansa. Hanyar kuwa, a dokokin galibin jihohi, idan ba a rubuta wani wa'adi dabam a yarjejeniya ba, notis ɗin wata shida ne ga mai biyan shekara-shekara, wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, sannan takardar kwana bakwai, sannan kotu. Cire ƙofa ko yaye kwano ko yanke wuta don a kori mutum duk laifi ne da zai iya komawa kan mai gida. Malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa shi ma ya ce haya ciniki ce, sharaɗinta a san kuɗi a san wa'adi tun farko, kuma a yi ta da yardar juna, don haka ba a ƙara wa mutum kuɗi a tsakiyar shekarar da ya riga ya biya. Na lura cewa hanyoyin biyu wuri ɗaya suka nufa, kuma saƙon da na aika ta bakin dillali ya saɓa wa duka biyun.

Daga nan na zauna da littafin da nake rubuta kashe-kashen gidan. Buhun siminti da muke saye ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya kai 10,000 a wasu wurare cikin Fabrairun 2024. Rufin sashen baya yana yoyo, kafinta ya ce sai an sauya kwano bandir biyu da katakon da ya ruɓe. Ga kwashe masai da ake yi duk shekara, wanda kuɗin motarsa ya tashi tare da kuɗin mai, ga injin rijiyar burtsatse da ya ƙone sau biyu. Na haɗa wannan da abin da ya kamata magada su samu, na kuma tambayi abin da maƙwabta suke karɓa a irin waɗannan sassa. A nan zan faɗi ra'ayina ko da wasu masu gidaje ba za su so shi ba: wanda ya gina gidansa shekara talatin da suka wuce, bai sa ko ƙusa ɗaya ba tun daga lokacin, ba shi da hujjar ninka haya da sunan dala ta tashi. Hujjar da ɗan haya zai iya karɓa ita ce wadda zai gani da idonsa a jikin gidan, ko wadda shi ma yake ji a aljihunsa idan ya shiga kasuwa. Lissafina ya tsaya a 240,000, wato dai adadin farko, ko da yake wasu a layinmu sun haura haka.

Zaɓen lokaci ya ɗauke ni tunani fiye da zaɓen adadi. Ban so in yi maganar a cikin azumi ko gab da layya ba, lokacin da kowane magidanci yake fama da hidima, ban kuma so ta faɗo a Satumba tare da kuɗin makaranta ba. Na zaɓi farkon Yulin 2024, bayan Babbar Sallah, saura wata shida cif wa'adi ya cika. Dalilina shi ne, idan doka ta ba mutum wata shida kafin a ce ya tashi, bai kamata a ba shi ƙasa da haka ba kafin a ce ya nemo ƙarin naira 60,000, musamman ma'aikacin da a lokacin mafi ƙarancin albashi yake kan 30,000, don sai a ƙarshen wannan watan aka sa hannu a dokar 70,000. Wata shida yana nufin mutum ya ajiye 10,000 duk wata, ko ya shiga adashi, ko ya nemi wani gidan a tsanake idan ya ga ba zai iya ba.

Na bi su ɗaya-ɗaya, ban tara su wuri guda ba, domin mutum ba zai faɗi halin da yake ciki a gaban maƙwabcinsa ba. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, na kuwa ga gaskiyar haka. Nakan aika yaro ya tambayi lokacin da maigidan yake nan, in je bayan isha'i, mu gaisa, sannan in shiga maganar kai tsaye ba tare da dogon kewaye ba, don na lura yawan kewaye-kewaye tsoro yake jefa wa mai sauraro. Nakan buɗe littafin in nuna abin da aka kashe, in faɗi sabon adadi da ranar da zai fara, in faɗi gyaran da na ɗauki alkawarin yi kafin ranar, sannan in yi shiru in saurara. Shirun nan ya fi komai wuya, amma a cikinsa na ji abubuwan da ban sani ba, kamar cewa ruwa yana kwanciya a bayan ɗakin girki duk damina, kuma su suke haɗa kuɗi su biya mai yashe kwata ba su taɓa faɗa mini ba.

Washegari nakan kai takarda, kwafi biyu, da Hausa, saboda abin da aka faɗa da baki yakan sauya kama bayan wata shida. Abin da ke ciki gajere ne: "Bayan gaisuwa, kamar yadda muka tattauna jiya, kuɗin hayar sashen da kake ciki zai koma naira 240,000 a shekara daga 1 ga Janairu 2025. Kafin wannan rana za a sauya rufin baya a kuma gyara magudanar ruwa. Wannan takarda ba notis ɗin tashi ba ce. Ina roƙon ka sanar da ni matsayinka kafin ƙarshen Satumba." Jumlar da ta ce ba notis ba ce na sa ta da gangan, don mutane da yawa da zarar sun ga takarda daga mai gida sai gabansu ya faɗi.

Ba kowa ne ya karɓa da sauƙi ba. Mai shagon kayan masarufi ya ja da ni sosai, ya ce ciniki ya ja baya, ya nuna mini littafin bashin da yake bin mutanen unguwa, muka yi zama uku kafin muka daidaita a kan ya biya kashi biyu, rabi a Janairu rabi a Yuni. Akwai kuma wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da yara a sashen ƙarshe, tana sayar da ƙosai da safe. Ita ban je ni kaɗai ba, na tafi da ƙanwata, kuma kafin mu je sai da na tara magada na gaya musu halinta, domin ba ni da ikon yin alheri da dukiyar da ba tawa ni kaɗai ba ce, balle kason marayu. Ni da ƙannena muka yarda a cire ƙarin nata daga kasonmu, marayu su karɓi nasu cikakke. Da ƙanwata ta gaya mata, sai ta ce, "Hajiya, tun da aka ce Alhaji yana zagayawa ban yi barcin kirki ba." Na ji nauyin wannan magana, don ya kamata a ce da ita na fara.

Kafinta ya gama rufin a Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, magini kuma ya ja kwatar har bakin titi a Nuwamba. Da Janairu ta zo, sassa uku suka biya a makon farko, na rubuta wa kowa rasit, ɗaya ya nemi in jira shi zuwa ƙarshen wata na jira. Malamin firamaren nan kuwa mun haɗu a wata jana'iza kwanakin baya, muka gaisa da mutunci, ya tambaye ni ko an gyara rufin baya, na ce masa an gyara.