Daga Porto zuwa Santiago a ƙafa, ta bakin teku

Na zaɓi hanyar bakin teku ta ƙasar Fotugal ne saboda ita ce ta fi dacewa da wanda bai taɓa yin doguwar tafiya a ƙafa ba. Hanyoyin da masu ziyarar ibada ke bi zuwa Santiago de Compostela, birnin da ke arewa maso yammacin Sifen inda ake ɗauka an binne manzo Yakubu ɗan Zabadi, suna da yawa. Wadda ta bi gaɓar arewacin Sifen daga Irun ta haura kilomita 800, kuma hawa da gangara ne kusan kullum. Wadda ta tashi daga Porto kuwa kimanin kilomita 280 ce, farkonta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, garuruwan kuma ba su da nisa da juna, ta yadda ko ƙafa ta gaza mutum ba zai rasa wurin kwana ba.

Shirin ya fi cinye mini lokaci a kan abu biyu, wato takalmi da kaya. Na sayi takalmin da ya ɗan ɗara ƙafata girma, domin ƙafa tana kumbura idan ta yini tana taka ƙasa, sannan na yi watanni ina yawo da shi kowace safiya har ya saba da ni. Game da jakar goyo, ƙa'idar da matafiyan wannan hanya suka yarda da ita ita ce kada nauyinta ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin mai ɗauke da ita. Wani dattijo maƙwabcinmu a gida, wanda mahaifinsa ya tafi aikin hajji a ƙafa ta Cadi da Sudan a zamanin da, ya faɗa mini cewa mahajjatan wancan lokaci ba su ɗaukar abin da za su iya samu a gaba. Da wannan magana na rage kayana zuwa tufafin canji, rigar ruwa, sabulu, man shafawa a ƙafa da Littafi Mai Tsarki ƙarami. Na ɗaga tafiyar zuwa watan Satumba don kauce wa zafi da cunkoson Yuli da Agusta, kuma bizar Shengen guda ɗaya ta wadatar da ni a ƙasashen biyu.

A babbar majami'ar Porto na karɓi takardar shaidar mai ziyara, wadda ake buga wa hatimi a masaukai da majami'u da wuraren shan shayi, kuma ita ce ke ba mutum izinin kwana a masaukin matafiya mai araha. Daga nan na gangara bakin kogin Douro, na bi shi har inda ya faɗa Tekun Atilantika, na juya arewa, teku yana hagu da ni. Alamar hanya kibiya ce mai ruwan ɗorawa da ake fentawa a jikin bango ko dutse, sai kuma zanen ƙwanson teku. Daga Matosinhos zuwa Vila do Conde da Póvoa de Varzim, an shimfiɗa katako a kan tuddan yashi, tafiya a kansa tana da daɗi ƙwarai. Wahalar tana cikin ƙauyuka, inda aka dasa ƙananan duwatsu a titi, masu cin tafin ƙafa a hankali. Kowace yamma nakan zauna a bakin gado in wanke safa, in duba tsakanin yatsu, in manna filasta a duk inda fata ta fara ja tun kafin ta yi bororo. Iskar arewa kuma takan taso bayan tsakar rana ta doki mutum a fuska, shi ya sa nake fita tun duku-duku in gama yawancin tafiyata kafin ta ƙarfafa.

Na shiga Viana do Castelo ta gadar ƙarfe ta shekarar 1878 wadda kamfanin Eiffel ya gina a kan kogin Lima. A Caminha aka ƙetarar da mu kogin Minho a ƙaramin jirgin ruwa zuwa ɓangaren Sifen, inda agogo ke gaba da na Fotugal da awa ɗaya. A ganina babu wani yanki da ya kai tsakanin A Guarda da Baiona kyau: dutse a dama, igiyar ruwa tana dukan gaɓa a hagu, ga tsohon gidan sufaye na Oia a tsaye dab da ruwa. A nan na fi samun natsuwar yin addu'a, domin nakan yi tafiya mai tsawo ban haɗu da kowa ba.

Daga Vigo al'amarin ya canza. Takardar kammala ziyara ana ba wanda ya taka aƙalla kilomita 100 ne, kusan nisan Vigo zuwa Santiago ke nan, saboda haka mutane da yawa daga nan suke farawa, kuma daga nan ake bukatar hatimi biyu kowace rana. A Redondela hanyarmu ta haɗe da ta cikin ƙasa, teku ya koma baya, gadaje a masaukai suka fara ƙarewa da wuri. Na wuce Pontevedra da Caldas de Reis na isa Padrón, inda aka ajiye wani dutse a ƙarƙashin bagaden majami'a, wanda al'ada ta ce a jikinsa aka ɗaure jirgin da ya kawo gawar manzon bayan sarki Hirudus ya sa an kashe shi da takobi a Urushalima.

A Santiago ma'aikacin ofishin masu ziyara ya bi hatiman takardata ɗaya bayan ɗaya kafin ya miƙo mini takardar kammalawa, rubutacciya da Latin. Na ajiye jakata a masauki domin ba a shiga babbar majami'a da ita, na halarci sujadar ƙarfe 12 na rana, na kuma karanta sunayen 'yan uwa da maƙwabta, Kirista da Musulmi, waɗanda suka roƙe ni in sa su a addu'a.