Wata huɗu a hanyoyin burji: inda na kai da hawan keke a karkarar Zariya

'Yan'uwana masu koyo, assalamu alaikum. Rabona da rubuto muku tun ƙarshen damina, lokacin da nake kukan cewa laka ta hana ni sauka daga kwalta. Yanzu da hunturu ya kankama, hanyoyi suka bushe, na ga ya dace in sanar da ku abin da ya sauya daga watan Oktoba zuwa yau, musamman waɗanda a cikinku suka sayi keke amma har yanzu ba su wuce tsakanin Kwangila da Samaru ba.

Wanda ya saba bin titin Kaduna zuwa Kano a mota zai rantse cewa ƙasar Zariya shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, in ban da duwatsu irin su Kufena da Dumbi da suka miƙe su kaɗai a fili. Ƙafar mai keke ce take ƙaryata wannan. Garin yana kan tudu mai tsayin sama da mita 600 daga teku, kuma ƙananan rafuffukan da ke malala zuwa Kubanni da Galma sun yanyanka shi, ta yadda duk hanyar da ka ɗauka sai ka yi hawa mai tsawo marar tsanani, ka yi gangare, ka tsallake rafi, sannan ka sake hawa. Da farko hawan nake tsoro. Daga baya na gane cewa hawa gajiya kawai yake kawowa, amma gindin gangare shi ne inda ake faɗuwa.

A hanyar gonakin da ke bayan Bomo na fara gane haka, wadda nake zagayawa daga Samaru in dawo, kimanin kilomita 18 bisa lissafin wayata. Akwai wani gangare mai daɗi a can, jar ƙasa ce mai tauri, keke yana gudu da kansa ba sai an taka feda ba. Na sake shi ya yi ta tafiya, ban lura ba cewa ruwan damina ya wanko yashi daga gonaki ya tara a kwarin. Tayar gaba ta nutse, kan keken ya karkace, ni kuwa na danna birkin gaba saboda firgita, sai ga ni a ƙasa da gwiwa a kurje. Ina karkaɗe jikina wani dattijo ya iso a kan tsohon kekensa Phoenix, ya ɗaure damin kara a baya, ya ratsa yashin nan bai ko sauke ƙafa ba. Da ya haye sai ya tsaya ya ce, "Sannu ɗana, ba ka ji ciwo ba ko?" Na ce, "Da sauƙi, Baba. Amma yaya aka yi kuka wuce haka da kaya?" Ya nuna mini gefen hanya ya ce, "Ai tsakiya ta motar yashi ce da amalanke. Mu ga tamu nan."

Da na duba sai na ga wani siririn layi a bakin hanyar, faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba, wanda tayoyin kekuna da babura suka daddaɓe har ya yi sulɓi. Tun daga ranar nake neman wannan layi a duk inda na shiga, kuma ban taɓa rasa shi ba, domin manoma sun riga mu sanin inda ƙasa take da ƙarfi, kuma sukan sauya shi da kansu idan zaizaya ta cinye gefe ɗaya. Sauran darasin na koye shi da maimaici: a rage gudu tun ana saman gangare, a sauya zuwa giya mai sauƙi kafin a shiga yashi, a ja jiki baya a kan sirdi domin tayar gaba ta yi sauƙi, a ci gaba da taka feda, kuma kada a taɓa birkin gaba sai an fita. Makonni uku na yi ina komawa wannan kwari kafin na ratsa shi sau biyar a jere ba tare da na dafa ƙasa ba.

Abu na biyu da ya sauya tafiyata shi ne iskar taya. Kekena ɗan gwanjo ne, tayarsa tana da faɗin milimita 40, kuma mai facin unguwarmu ya saba cika mini ita har geji ya kai 60, kamar yadda ake yi wa mai bin kwalta. A kan gargada wannan azaba ce, domin taya mai tauri tsalle take yi a kan tsakuwa maimakon ta kama ƙasa, hannu ya yi tsami, baya ya ƙage. Na riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har na tsaya a 35 a gaba da 40 a baya, ni da nauyina yake kusan kilo 70. Wanda ya fi ni nauyi sai ya ƙara. Da na yi zalama na sauko ƙasa da 30, na hau wani dutse a hanyar Kufena, ƙarfen wili ya matse tib ya huda shi wuri biyu gefe da gefe, irin hujin da faci ɗaya ba ya rufewa da kyau.

Hanyar Kufenan ita ce na fi so duk da haka. Daga Wusasa nake sauka daga kwalta in bi hanyoyin gona da ke kewaye gindin dutsen, inda ƙasa take gauraye da marmara da tsakuwa, wani wurin kuma a hau kan falalen dutse sumul wanda mutanen ƙauye suke shanya barkono da masara a kai lokacin kaka. Da sassafe hazo yakan rufe saman dutsen, sanyi yana yanka yatsu, don haka safar hannu da ƙyallen rufe hanci ba ado ba ne. Abin da ke ɓata wannan hanya ƙaya ce. Tsidau yana shimfiɗe a gefen gonaki, ga rassan farar ƙaya da ake shinge da su, kuma a mako guda na yi faci huɗu. Yanzu ba na fita sai da tib biyu, famfo, gam da faci, kuma idan taya ta sace nakan shafa cikinta da yatsa a hankali kafin in sa sabon tib, domin sau biyu ƙayar da na bari a ciki ta sake huda mini.

Fadamar Galma ta wajen Dakace sau biyu kawai na je. Tana da kyau da koren rake da lambunan rani, amma hanyoyinta ƙanana ne, masu ban ruwa sun ja tiyo sun gitta su, kuma ban ga dalilin da zai sa nishaɗina ya taka abincin wani ba.

Game da sarƙa, na daina zuba mata baƙin mai, domin ƙurar hunturu tana haɗuwa da shi ta zama kamar kwaɓaɓɓen yashi mai cin haƙoran giya. Kananzir nake wanke ta da shi duk Asabar, in bari ta bushe, in ɗiga mai marar kauri, in goge abin da ya yi saura da tsumma.

Idan na shiga ƙauye nakan rage gudu in yi sallama, idan kuma na haɗu da garken shanu a burtali sai in sauka in ba su hanya, domin saniya mai ɗan maraƙi ba ta san wasa ba. Kafin in gwada sabuwar hanya nakan tambayi masu babur na haya halin da ake ciki ta fuskar tsaro, ina faɗa wa mutanen gida inda na nufa, kuma ina dawowa kafin azahar. Saboda wannan ne ban wuce Shika ta ɓangaren Giwa ni kaɗai ba.

Tafiya mafi tsawo da na yi zuwa yanzu kilomita 42 ce, cikin awa uku da rabi har da hutu. Burina kafin zafin Maris ya sauko shi ne in kai 60 ta ɓangaren Hunkuyi, amma gora biyu ta ruwa ba za ta ishe ni ba, kuma hawa a tsaye yana sa tayar baya ta zame mini a kan tsakuwa, don haka wannan watan hawa a zaune nake koyo. Duk wanda yake son mu gwada kwarin Bomo tare, ranar Asabar bayan sallar asuba nake tashi daga Samaru, ya zo da tib ɗinsa.