Daren da na kwana ina ƙirga ramukan Wata

Jiya da daddare na zauna da hotunan Wata da LRO, kumbon Amurka mai zagaya Wata, ya ɗauko, wai in gwada yadda masana ke zana taswirar duwatsun wurin da ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba. Kafin in ankara gari ya kusa wayewa.

Da farko na sha kunya. Duk ramukan sai na riƙa ganinsu kamar tuddai. Sai da na juya hoton, hasken ya koma yana fitowa daga sama, sannan suka lotsa suka zama ramuka. Ashe inuwa ce ke wasa da idona.

Dabarar kuwa a baki ba wuya. Inda ramuka suka yi cinkoso, wurin tsoho ne, ya daɗe duwatsun sararin samaniya na faɗo masa. Inda narkakken dutse ya malala ya cike rami, to ramin ya girme shi. Akwai wani da na yi rabin awa ina kallo, bakinsa kaɗai ya rage, kamar zoben da yashi ya binne.

Hoto dai iyakarsa ya nuna wa ya riga wa. Ainihin shekarun sai da aka auna duwatsun da 'yan sama jannatin shirin Apollo na Amurka suka kwaso daga Wata. A 2020 hukumar binciken ƙasa da duwatsu ta Amurka, USGS, ta haɗe taswirori shida na wancan zamani da sababbin bayanai, ta fitar da ta Wata gaba ɗaya. Ni kuwa ɗan lungu guda na zana, shi ma sau uku ina goge iyakarsa.