Abin da ke kifar da a-kori-kura mai jan gidan tafi-da-gidanka

Ina da ƙaramin gareji a bayan garin Houston da ke jihar Teksas a Amurka, kuma abin da muke ci da shi shi ne ɗaura wa motoci ƙugiyar ja, da gyaran birkin tirela, da duba tayoyi, da awon nauyi kafin mutum ya ɗauki hanya. Mafi yawan masu zuwa wurinmu suna da a-kori-kura irin su Ford F-150 ko Ram 1500 ko Chevrolet Silverado, suna so su ja gidan tafi-da-gidanka, wato tirela mai gado da madafa da banɗaki da tankin ruwa, wadda iyali ke tafiya da ita hutu su kwana a cikinta a daji ko bakin tafki. Galibin waɗannan tireloli a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su, kuma a shekarar 2021 kaɗai masana'antun ƙasar sun fitar da motocin shaƙatawa sama da 600,000, mafi yawansu na ja. Da yawa daga cikin waɗanda suka saya ba su taɓa jan ko amalanke ba, kuma a yawancin jihohi lasin tuƙi na yau da kullum ya ishe su, babu wanda zai gwada su kafin su hau babbar hanya da abu mai tsawon ƙafa 30 a bayansu.

Abin da sana'ar ta nuna mini shi ne, haɗarin da ake ɗora wa iska ko santsi ko gudu, yawancinsa tun a harabar gida ake shirya shi, ranar da mai mota ya yarda da lamba guda ɗaya da ya gani a talla. Ana gaya masa motarsa na iya jan laba 13,000, wato kusan kilo 5,900, shi kuwa tirelarsa laba 8,000 ce, sai ya ga ai ko kusa bai kai iyaka ba. Lambar ba ƙarya ba ce. Akwai ma'aunin da ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta tsara mai suna J2807, wanda manyan kamfanonin suka koma aiki da shi wajen 2015, kuma daga cikin gwajinsa har da hawa doguwar gangarar madatsar ruwa ta Davis a Arizona cikin tsananin zafi. Amma lissafin ya ɗauka cewa mutum biyu ne kawai a motar, kowanne laba 150, babu yara, babu kare, babu janareta da itacen gashi a bodi. Ban da haka, lambar da ake tallatawa ta mota mafi ƙarfi ce a jerin, ba lallai ta wadda ke hannun mutum ba.

Lambar da nake fara dubawa tana jikin wata ƙaramar takarda mai ruwan ɗorawa da aka manna a dokin ƙofar direba, wadda ke faɗin iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka a kanta. A irin motocin masu ƙofa huɗu da ke shigowa garejinmu, sau da yawa takan nuna tsakanin laba 1,400 da 1,800. To, tirela ba jan ta kawai ake yi ba, wuyanta na danne bayan motar, kuma ƙa'ida ita ce nauyin wuyan ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar da kayanta. Idan tirelar laba 8,000 ce, wuyanta zai ɗora wa motar kimanin laba 960, ƙugiyar kanta ta ci kusan 100, magidanci da matarsa da yara biyu su ci 600, kafin a sa ko jaka ɗaya a bodi an riga an wuce laba 1,600. Bayan motar sai ya zauna, gabanta ya ɗaga, tayoyin da ke juya sitiyari kuma suke ɗaukar kaso mafi girma na birki su rage riƙe kwalta. Direba zai ji sitiyarin ya yi masa sauƙi a hannu, ya ɗauka daɗi ne, alhali alama ce ta cewa motar ta fara fita daga ikonsa.

Wasu idan sun ga bayan motar ya zauna sai su yi dabarar da ta fi cutar muni, su kwashe kaya su mayar can ƙarshen tirelar don wuyan ya yi sauƙi. Na ga wanda ya ɗaura kekuna huɗu da akwatin ƙarfe a kan bamban bayan tirela, ga tankin ruwa mai galan 50 shi ma a baya yake kuma cike, wanda ruwansa kaɗai ya haura laba 400. Da muka sa wuyan a sikeli bai kai kashi 7 cikin ɗari ba. Irin wannan tirela takan tafi lafiya lau a gudun mil 45 a awa, amma da zarar an haura wani mataki na gudu, ɗan abu kaɗan, ko iskar babbar mota da ta wuce, ko taya ɗaya da ta sauka gefen kwalta, zai sa ta fara lilo hagu da dama, kowane lilo ya fi na baya faɗi, har ta ja bayan motar ta juya ta. Shi ya sa muke cewa kashi 60 cikin ɗari na kaya ya zauna gaban tayoyin tirela, mai nauyi a ƙasa, a ɗaure yadda ba zai gangara baya ba idan an hau tudu.

Abin da direba ke yi a cikin daƙiƙoƙin farko na lilon shi ke raba gardama, kuma abin takaici shi ne jiki yakan umarci mutum da abin da bai kamata ba. Ƙafa takan tafi kan birki, hannu kuma ya shiga kokawa da sitiyari. Taka birkin motar da ƙarfi yana sa tirelar ta turo ta daga baya ta naɗe a gefenta, murza sitiyari kuma yakan makara ya ƙara wa lilon ƙarfi. Abin da muke koya wa kowa shi ne ya riƙe sitiyari a miƙe, ya ɗage ƙafa daga totur a hankali, sannan ya matsa ɗan maɓallin hannu da ke jikin na'urar birkin tirela a cikin mota kusa da direba, domin tirelar ita kaɗai ta ja birki ta miƙe a bayan motar. Ba na barin mutum ya fita daga garejin sai ya kai hannunsa kan wannan maɓalli sau da yawa ba tare da ya duba ba, domin ranar da zai buƙace shi ba zai sami sukunin nema ba. Akwai waɗanda suka shekara suna ja ba su san amfaninsa ba, kuma wannan laifin masu sayarwa ne da suka miƙa mabuɗi ba tare da bayani ba.

Birkin tirelar kansa na lantarki ne, kuma yana da saurin lalacewa a ɓoye. Dokar Teksas ta wajabta birki ga tirelar da ta wuce laba 4,500, a Kalifoniya kuwa daga laba 1,500 ne, amma doka ba ta hana waya tsatsa. Mun sha buɗe ƙafar tirela mu tarar wayar maganaɗisun da ke sa birkin ya kama ta tsinke tuntuni, mai ita bai sani ba saboda birkin motar ne ke ɗauke da komai. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu hakan kan ɓoyu, amma wanda ya nufi duwatsun Kolorado ya fito daga ramin Eisenhower, wanda aka huda a cikin dutse a kan hanyar I-70, inda gangarar ke kaiwa kashi 7 cikin ɗari na tsawon mil da dama, zai ji birkin ya yi zafi ya daina kamawa. A irin wannan wuri giya ake saukarwa tun daga sama injin ya riƙe motar, a taka birki a saki, kada a kwantar da ƙafa a kansa.

Tayoyin tirela kuwa shekaru ke kashe su, ba tafiya ba. Suna yini a rana wata da watanni, zanensu na nan kamar sabo, amma robar ta bushe. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, kuma duk wadda ta haura shekara biyar ko shida ina ba da shawarar a cire ta ko da kuwa mai ita zai ga kamar ina neman ciniki ne. Da yawa daga cikin irin waɗannan tayoyi an yi su ne don gudun da bai wuce mil 65 a awa ba, ga shi a yammacin Teksas doka ta yarda da mil 80 a kan hanyar I-10, sai mutum ya bi ayari cikin zafin Yuli da tayar da iskarta ba ta cika ba, ta fashe. Kalifoniya ta taƙaita wa duk mai jan tirela gudu zuwa mil 55, kuma a ganina ita ce ta yi daidai.

Akwai kuma sakaci na minti ɗaya wajen haɗawa. Ƙwallon ƙarfen da bakin tirela ke hawa yana da girma daban-daban, kuma mai inci 2 da mai inci 2 da 5/16 sun yi kama a ido. Babban baki zai zauna a kan ƙaramin ƙwallo kamar ya kama, sai an faɗa rami ya tsalle ya fita. Saboda haka bayan an kulle muna ɗaga wuyan da jak mu ga ko zai ɗago bayan motar tare da shi, mu gitta sarƙoƙin tsaro a ƙarƙashin wuyan don su tare shi idan ya suɓuce, mu kuma ɗaure siririyar wayar birkin gaggawa, wadda ke kama birkin tirelar idan ta ɓalle, a jikin motar kanta.

Aikin da na fi ba muhimmanci shi ne wanda ya fi kawo kuɗi kaɗan. Muna roƙon mai mota ya zo da iyalinsa da kayansa kamar yadda zai yi tafiyar, mu raka shi sikelin manyan motoci da ke gidajen mai na bakin hanya, inda ake auna tayoyin gaba da na baya da na tirela kowanne daban. Ana auna motar ita kaɗai, sannan a auna ta da tirelar. Idan gaban ya yi sauƙi, muna ƙara ɗaure sandunan ƙugiyar da ke rarraba nauyi har ya koma kusa da yadda yake. Idan kuwa duk da haka takardar sikeli ta nuna bayan motar ya wuce abin da aka rubuta a dokin ƙofa, babu ƙugiyar da za ta gyara wannan, kuma nakan gaya wa mutum a fili cewa ko dai ya rage tirela ko ya nemi mota mai ƙarfin ɗauka irin F-250 ko Ram 2500. Wasu kan yi fushi su tafi wani garejin da zai ɗaura musu abin da suke so, wasu kuma kan dawo bayan mako biyu da babbar motar mu sake awon daga farko.